Rokar da Ba a Wanke Ba

Ƙarfe biyu da kwata na rana aka bugo ofis. Roka ta fashe a kan tsani a filin bikin ƙauyen Don Kha, mutum ɗaya ya mutu.

Fashewar ba ta ba Sufeto Wichian mamaki ba. Duk shekara gab da damina ana harba rokokin roƙon ruwa, duk shekara kuma wata sai ta fashe. Mutuwar ce baƙuwa.

Ya tarar an kashe kiɗa. Tsanin harbi ya ƙone rabi, gutsattsarin shuɗin bututu sun watsu cikin gonar shinkafa. An rufe gawar da zane. Thongsuk ne, ɗan shekara talatin da ɗaya, wanda ke kan batirin kunna rokar. Guntun bututu ya same shi a wuya.

Wichian ya tsuguna ya ɗauki wani guntu da albarushinsa bai ci wuta ba. Shi ma ɗan ƙauye ne, ya sha ɗaukar roka a kafaɗa. Ya san ana huda rami a tsakiyar albarushin, kuma kafin a ɗora rokar a tsani sai an tura doguwar sanda mai jiƙaƙƙen tsumma an wanke ramin, don wuta ta ci a hankali. Ramin da aka wanke sumul yake zama. Wannan kuwa kaushi gare shi.

Ba a wanke ta ba. Bam aka ɗora a tsani.

Mai ƙungiyar da ta haɗa rokar, Baba Khamphan, yana zaune a ƙarƙashin rumfa, ya zuba wa ƙasa ido.

"Baba, wa ya wanke ta?"

"Ni."

"Sau nawa?"

"Uku, kamar kullum. Tsufa ne, ɗana, hannu ya kuskure. Sa min ankwa mu tafi."

Wichian ya dubi hannun. Hannun farar rigarsa fes. Wanda ya wanke roka kuwa, baƙin ruwa na gangaro masa har gwiwar hannu.

"Shekara arba'in kana wannan aiki, Baba, ko gashin gira ba ka taɓa ƙona wa wani ba."

"To yau ta zo."

Wayar Wichian ta yi ƙara. Shugaban ofis ne.

"An ce tsohon ya amsa laifi? Me kake jira? Kawo shi kafin biyar mu rufe fayil."

Wichian ya kashe wayar. Tsohon yana da shekara saba'in da biyu. In ya shiga gidan yari, gawarsa ce za ta fito.

Ya samu Prasong, ɗan Baba Khamphan tilo, a bayan motar ƙungiya yana zuƙar taba.

"Wa ya haɗa rokar bana?"

"Thongsuk."

"Ba kai ba?"

"Baba ya ce shi." Ya tofar da yawu. "Wai raminsa ya fi nawa miƙewa."

"Ina yake lokacin wanki?"

"Ya tafi zuba wa gunkin gari giya, Yallaɓai. Aikin mai haɗawa ne, kai ma ka sani."

"Kai fa?"

"Ina ɗaure gorar wutsiyar rokar. Baba ne ya shiga bayan tampol."

A bayan tampol ake wanki, don kada 'yan wata ƙungiya su ga sirrin. Wichian ya ɗaga ya leƙa. Sandar na jingine. Tsumman a jiƙe yake, amma fari tas. Ruwan bokitin ma garau, har ana ganin ƙasansa.

Wani ya tsoma tsumman don a gan shi a jiƙe. Amma wa? Babu wanda ya ga mai shiga, kowa idonsa na sama yana bin rokar wata ƙungiya. Ya tambayi mutum bakwai, amsar ɗaya ce. Ƙarfe huɗu ya kusa.

Yana wucewa ta layin masu abinci aka kira shi.

"Kai, Wichian! An sa kaki an daina gaisuwa?"

Inna Buala ce, mai kwaɗon gwanda. Ta kifa turminta, ba mai saye.

"Aiki ne, Inna."

"Aikin naka ya biya ta wajen Prasong? Ce masa ya zo ya kwashi tarkacensa. Wayarsa ta ishe ni da kuka."

Ta jawo leda daga ƙarƙashin tebur. Waya, agogo, da sababbin takalma.

"Yaushe ya ba ki?"

"Tun kafin su ɗaga rokar. Har zaginsa na yi. Na ce, kai ɗan banza, wa ke tuɓe kaya kafin harbi? Taɓo kake kira wa ƙungiyar ubanka? Ya yi dariya ya wuce."

Wichian ya karɓi ledar. Ƙungiyar da rokarta ta ƙi tashi ko ta fashe, ɗaukarsu ake yi a jefa cikin taɓo, a fara da mai haɗawa. Amma ba mai cire ko zobe kafin harbi, mugun fata ne. Gara wayarka ta mutu a laka. Sai wanda ya riga ya san taɓo za a shiga.

Ya koma rumfa, ya sa aka kira Prasong. Ya ajiye ledar a tsakaninsu. Ya ciro ankwa ya juya ga tsohon.

"Baba, miƙo hannu."

Tsohon ya miƙa. Ƙarfen ya yi wa tsintsiyar hannunsa yawa.

"Kafin mu tafi, Prasong," in ji Wichian, "takalman nan ka saya ne don biki?"

"E."

"Me ya sa ka cire su tun rokar na ƙasa?"

Prasong ya dubi ledar, ya dubi hannun ubansa. Tabar ta faɗi daga bakinsa.

"Cire masa."

"Ban ji ba."

"Na ce cire masa! Ni Baba ya aika in wanke." Muryarsa ta karye. "So nake ta fashe a kan tsani, gari duka ya ga an jefa Thongsuk a taɓo. Shi ke nan! Taku ashirin ne tsakaninsa da ita, Yallaɓai. Sau nawa ta fashe ba ta taɓa kowa ba? Shekara goma sha biyar ina daka wa Baba gawayin albarushi, sai ɗan maƙwabta ya zo..."

"Rufe bakinka," in ji tsohon. "Na riga na amsa."

"Ka makara, Baba," in ji Wichian a hankali.

Ya zare ankwar daga hannun uban ya mayar a na ɗan. Jama'a suka dare suka ba su hanya.

Sun kusa mota tsohon ya biyo su, yana jan ƙafa, rungume da ledar.

"Sufeto, bar shi ya sa takalmi. Ƙasar da zafi."