Kwalbar da Ba Ta Son Zafi

Wata yarinya 'yar aji biyar tana zaune da iyayenta a Samaru. Mamanta malamar kimiyyar sinadarai ce a jami'a. Kullum in an tashi makaranta, ofishin Mama take zuwa ta jira ta.

Yarinyar akwai ƙoƙari, sai dai hannunta ba ya zama wuri ɗaya.

Wata Laraba ana zafi sosai. Mama ta shiga taro. Zoɓon da yarinyar ta zo da shi a gora ya yi ɗumi. Sai ta leƙa ɗakin gwaji, inda aka hana ta shiga. Babu kowa. Ga kula cike da ƙanƙara, da 'yar kwalba a tsakiya.

Ta cire kwalbar ta ajiye a bakin taga, ta sa zoɓonta cikin ƙanƙarar. Da ya yi sanyi ta ɗauke abinta ta koma ofis. Ta manta da kwalbar.

Can sai aka ji tas! Kayode, ɗalibin Mama da ke zuwa daga Sabon Gari, ya fito daga ɗakin gwajin riƙe da hannu, jini na zuba.

Da aka ɗaure masa ciwon, Mama ta ce, "Kayode, sau nawa zan faɗa maka? Sinadarin nan da muka haɗa da iskar ozon ba ya jure zafi. Da ya ɗumama sai ya fashe. Kada ka ƙara shiga ɗakin nan."

"Wallahi Malama, cikin ƙanƙara na bar shi," in ji Kayode. Idonsa ya cika da hawaye, don saura wata ɗaya ya gama karatu.

Yarinyar tana gefe tana ji. Ta dubi bandejin, ta dubi gorar zoɓon.

"Mama, ni ce na cire. Zoɓo na sanyaya."

Mama ta juya wajen Kayode. Sannan ta ce, "Kayode, ka yafe mini. Na yanke hukunci ban bincika ba."

Kayode ya durƙusa gaban yarinyar. "Na yafe, ƙanwata. Amma da a hannunki ta fashe fa?"

Yarinyar ta fashe da kuka, Mama ta rungume ta.

Kayode ya sake aikinsa, ya gama lafiya. Yarinyar kuwa ta koyi abu biyu: kada ka taɓa abin da ba ka sani ba, in kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya kafin laifinka ya hau kan wani.