Takardar da Smaranda Ta Ƙi Sa wa Hannu

Ranar Talata Tudor ya shigo ɗakin duba ido, tafin hannunsa a kan fuska, yana warin man inji. Ɓurɓushin ƙarfe ne ya faɗa masa a ido a gareji. Kwana biyu mahaifiyarsa tana wanke masa da ruwan shayin ganye.

Likita Smaranda ta ɗiga masa maganin kashe zafi, ta ɗora haɓarsa a kan na'ura.

"Kalli kunnena, kada ka motsa."

"Kunnen kawai aka yarda in kalla?"

"Ka ƙara magana in bar maka ƙarfenka ka tafi da shi."

Ta cire shi da bakin allura. Kashegari saƙo ya shigo wayarta: "Likitata, ido ya warke, amma har yanzu kunnenki nake gani."

Wata takwas bayan haka aka sa ranar bikin aurensu. Mama Profira, mahaifiyar Tudor, ta riga ta fara ɗura wa Smaranda kabeji da nama tana cewa ta rame.

Sai Baba Gherasim, mahaifinsa, ya zo asibiti da kwalbar zuma. Shekara talatin yana tuƙa bas tsakanin ƙauyuka da garin Vaslui, kuma sabunta lasisinsa na bukatar sa hannun likitan ido.

"'Yata, sa hannu kawai, fasinja na jira."

Ta ce sai ta auna. Ya karanta haruffan allo har layin ƙasa yana dariya. Amma da ta gwada ganinsa na gefe, rabin dama babu komai.

"Baba, hawan jinin ido ne. Ba ya ciwo, daga gefe yake ci. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma maganin ɗigawa zai tsare wanda ya rage. Tuƙi kuwa ya ƙare."

Ya ɗauki hularsa ya fita, bai karɓi takardar maganin ba.

Mama Profira ta kira ta. "Mun ba ki ɗa, kin raba ubansa da sitiyari. Ga Lenuța 'yar makwabta nan, ba ta yi jami'a ba, amma ta san girman manya."

Tudor ya rubuto: "Zuciyata, shekara ɗaya kawai. Ya san hanyar nan ko idonsa a rufe."

Ta amsa: "Hanyar ya sani. Bai san wanda zai tsallaka ta gobe ba. Ba zan sa ba."

Daga nan Tudor ya daina rubuto mata.

Smaranda ba ta yi kuka ba. Ta jira kukan, bai zo ba. Kullum ƙarfe bakwai tana asibiti. Tsohuwa mai yanar ido, a sa mata ranar aiki. Mai ciwon suga, a duba bayan ido. Jan ido, a wanke hannu, kada a haɗa tawul. Tana cin burodi a tsaye ba ta jin ɗanɗanonsa. Tela ta kira a zo a gwada rigar amarya, ta ce to, ta ajiye wayar. Mahaifiyarta ta ce ta je ta ba su haƙuri. Ta ce, "Haƙurin me, Mama?"

Tsohon lasisin yana da sauran mako uku, Baba Gherasim yana ta tuƙi abinsa. A mako na ƙarshe saƙon Tudor ya shigo:

"Kwana uku ina tsayawa a bakin hanya, hannun dama, wajen gadar ƙauyenmu, ina ɗaga wa Baba hannu. Sau uku ya wuce ni, hannuna ya kusa taɓa madubinsa. Yau na faɗa masa. Ya zauna a cikin bas ɗin ya ƙi fitowa. Ki yafe mini, Likitata."

Ta karanta, ta kira mara lafiya na gaba.

Ranar Litinin Baba Gherasim ya shiga layin asibiti kamar kowa. Da aka kira shi ya zauna, bai dube ta ba.

"Sau nawa ake ɗigawa?"

"Safe da yamma, Baba. Har abada."

"Hannuna rawa yake. Profira kuma a kunci za ta ɗiga mini." Ya yi gyaran murya. "Sai dai a samu likita a gida."

A lokacin ne idonta ya cika, har ta kasa ganin abin da take rubutawa.

Bayan bikin Ista aka ɗaura auren a cocin ƙauye. Mama Profira ta karya burodin biki a kan amarya, fuskarta ba yabo ba fallasa, ta ce, "Kai ne da ke kamar dutse. To, Allah ya sa gidan ma ya zama na dutse, ya ba ku zuri'a mai albarka."

Tudor ya matse hannun Smaranda. Jama'a suka amsa da amin.