Motar da Ba Ta San Ribas Ba

Magaji ya sauke giya daga ta huɗu zuwa ta uku, ya kwantar da motar a kwanar dutse, ya sake miƙe ta, ko gezau ba ta yi ba. Injiniya Rumasa'u Bawa tana kujerar gefe da allo a cinya, baki ya ƙi rufuwa. Shekara shida ta yi a hawa na sittin na wani bene a Sabuwar Gusau tana gina Magaji, ƙwaƙwalwar na'urar da ke tuƙa motar, kuma yau ce ranar farko da aka saka ta a Tseren Daji na shekarar 2091.

A kujerar direba Baba Tanimu ne zaune, hannuwa bisa gwiwa. Dokar tsere ta ce dole a sami mutum a bayan sitiyari, ba ta ce dole ya tuƙa ba. Saboda haka an cire sandar giya, an cire kuloci da totur da birki. Sitiyarin ma don masu ɗaukar hoto aka bar masa.

Gudun mota a daji abu uku ne. Inji ke ba da ƙarfi. Giya ke raba shi, ƙarama ta ja nauyi, babba ta yi gudu. Na uku shi ne mutumin da ya san lokacin ba ta wuta da lokacin ɗaga ƙafa. Biyun farko masana'antu sun gama da su tuntuni, na ukun ne ya gagare su. Sai Rumasa'u ta nemo Baba Tanimu, wanda ya ci tseren nan sau tara, ta sa masa safar hannu da takalmi masu wayoyi, ya yi shekara biyu yana tuƙi tana kwashe motsinsa tana zuba wa na'ura. Na'urar ta gaje shi tun yana raye, shi ya sa Rumasa'u ta raɗa mata Magaji.

Da suka gangaro gulbin da hanya ta ratsa, tsohon ya ƙura wa yashin ido. Fari tas daga sama.

"Injiniya, yashin nan ya sha ruwa ta ƙasa. A ta biyu ake shigarsa, a lallaɓa."

"Ya sani, Baba. Ai kai ne."

Magaji ya shiga a ta huɗu. Sun kai tsakiyar gulbin gaban motar ya dafe, tayoyi huɗu suka ci gaba da juyawa wuri ɗaya suna watsa yashi sama. Allon ya nuna kilomita casa'in a awa. Muryar na'urar, mai sanyi kamar ta mai sanarwa a filin jirgi, ta ce, "Muna gaba da daƙiƙa arba'in." Magaji ya ƙara giya.

Rumasa'u ta ja hannun ƙofa, ta ji shi gam. Nan take ta gane. An hana magana da tauraron ɗan'adam a tseren, don haka daga juyin taya Magaji ke auna gudu. A ganinsa tafiya ake yi. Kuma muddin gudu ya wuce ashirin, ba ya buɗe ƙofa, ba ya karɓar umarnin kashe inji. Ita ta rubuta wannan ƙa'ida da hannunta, har lambar yabo aka ba ta a kai. Gilasan kuwa irin waɗanda ko guduma ba ta fasawa ne, su ma ita ta zaɓa.

Motar tana ta haƙa wa kanta rami. Yashi ya kai rabin ƙofa.

"Gaya masa ya sa ribas," in ji Baba Tanimu. "Ya ja baya taku ɗaya, ya dawo gaba a hankali, ya sake. Kamar ana jijjiga goyo. Sau nawa na yi a gabanki?"

Ta ci gaba da danne-dannen allon da ta san ba su da amfani.

"'Yata, da ke nake."

"Ba shi da shi, Baba."

"Ba shi da me?"

"Duk inda ka kafe, duk inda ka ja baya, na goge. Na ɗauka kuskure ne. Wanda ka yi daidai kawai na ba shi."

Kunya ta kama ta fiye da tsoro, ta kasa ɗaga kai. Tsohon bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Cewa kawai ya yi, "To ai gudu kowane yaro ya iya. Abin da kika zubar ɗin nan, shi ne tuƙin."

Daga nan suka ji ƙugi ta kudu. An yi ruwa a kan duwatsu tun da safe, ga shi ya iso, ja wur, yana tura kara da itatuwa a gaba. Ya bugi motar ta gefe. Ya fara tsiyayowa ta ƙasan kujeru, ya rufe idon sawu, ya doshi gwiwa. Magaji ya sanar da cewa sun kafa sabon tarihi.

"In ruwa ya shiga inji ai zai mutu," in ji Baba Tanimu. "Ina bakin bututun iska?"

"A kan rufi."

"Wato sai mun riga shi shan ruwan."

Ya kwance bel ɗinsa, ya durƙusa cikin ruwan, ya kara kunne a jikin ƙarfen da ya raba su da inji. Ya saurara kamar mai neman ɓera a ɗaki. Sannan ya ɓalle wani murfi da makanikai ke duba waya ta ciki, zafi ya buso musu a fuska. Can ciki akwai mahaɗar roba a jikin bututun iska, amma sai hannu ya bi ta kan bututun hayaƙi, wanda ya yi ja don zafi.

Ya cire hularsa ya dunƙule.

"Baba, kar ka sa hannu a nan."

"Kina da wani hannun?"

Ya yi bisimilla ya zura na dama har kafaɗa. Ya fizge robar, ya cusa hular a bututun don ya shaƙe injin, ya danne. Injin ya yi tari, ya farfaɗo, ya sake tari. Magaji ya sauko ta huɗu, ta uku, ta biyu, yana neman numfashi. Warin ƙuna ya cika motar, Rumasa'u tana kuka tana ƙirga juyin inji a allo, tsohon kuwa haƙora kawai ya cije. Ruwa ya kai mata ƙirji lokacin da tayoyin suka tsaya. Ƙofofi suka yi ƙas, suka buɗe.

Da ƙyar ta jawo shi gaɓa. Suna zaune a kan dutse ruwan ya rufe motar.

Ta yage gyalenta tana naɗe masa hannun. Yatsun sun ƙanƙance sun manne da juna, fatar ta tafi. Amma kan injiniya bai daina lissafi ba.

"Za mu gyara, Baba. In ka warke sai ka sake sa safar, mu shiga yashi mu kafe da gangan, ya koya. Wata uku ya isa. Dole ma mu yi, don an riga an sa shi a motocin ɗaukar marasa lafiya ɗari bakwai, na ƙauyuka. Ga damina ta kama."

"Direbobinsu fa?"

"An sallame su."

Baba Tanimu ya ɗaga hannun ya duba ta gaba, ya duba ta baya. Ya gwada dunƙule shi yadda ake riƙe sandar giya. Ko yatsa ɗaya bai motsa ba.

"To, 'yata," ya ce, "sai ki nemo wani wanda aka bari ya kafe."