Makunnin Ƙarƙashin Teburin Alhaji

Kafin maganar ta iso teburin Sufeto Aƙilu an riga an kama ɓarawo. Haka dai Kofur Zakari ya gaya masa da safiyar Alhamis, yana murmushi kamar shi ya kamo shi.

Ƙarar daga Nassarawa GRA ta fito, gidan Alhaji Abdulbaqi, tsohon babban ma'aikacin gwamnati. An kwashe gwala-gwalan matarsa, Hajiya Muhibba, daga durowar ɗakinta jiya da rana, ana tsakiyar ƙunshin bikin 'yarsu Najla. Alhaji ya buga waya sama, sama ta bugo ƙasa, kafin magariba an je Titin Beirut an ɗauko wani matashi mai haɗa kwamfuta, Badaruddeen, daga cikin shagonsa da ankwa a hannu, 'yan kasuwa sun yi cirko-cirko suna kallo.

Sufeto Aƙilu ya tsani ɓarawon da aka kama masa tun bai yi tambaya ko ɗaya ba. Ya sa aka fito da shi daga bayan kanta.

"Me ya haɗa ka da gidan?"

"Alhaji aminin marigayi babana ne, yallaɓai. Ni na haɗa masa kwamfutar da kyamarorin gidan ke zuba hoto a ciki."

"An ce hoton ya yanke daidai lokacin satar. Kuma kwamfutar tana kulle cikin kabad ɗin ƙarfe, mukullai biyu ne, ɗaya wurinsa, ɗaya wurinka."

"Haka ne."

"Kuma jiya kana gidan."

"Na je ƙara kyamara a rumfar biki. Amma yallaɓai, ba sai da mukulli ake kashe ta ba."

Sufeto ya ajiye bironsa.

Badaruddeen ya yi bayani a hankali, muryarsa ta dushe saboda kwanan da ya yi a zaune. Duk sanda aka ɗauke wutar gari aka koma kan janareta, kwamfutar mutuwa take yi, sai an sake kunna ta. Alhaji ya gaji da neman mukulli kullum, shi ne ya jawo masa waya daga cikin akwatin kwamfutar, ya fito da ita ta bayan kabad ɗin, ya sa mata makunni a baki. Ɗan abu ne kamar murfin kwalba, ya manne shi da gam a ƙarƙashin tebur. A taɓa shi ta tashi. A danne a riƙe, ta mutu nan take.

"Wa ya san da shi?"

"Baba Alhaji kaɗai na nuna wa."

"Da kai."

"Da ni."

"To ai ba ka wanke kanka ba, ƙofa ta biyu ka nuna min," in ji Sufeto. Duk da haka ya ce wa Kofur a sa shi a mota, tare za su tafi.

Gidan ya cika da mata da ƙamshin turaren wuta, amma kowa magana yake ƙasa-ƙasa. Alhaji ya tarbe su a ɗakin karatunsa cikin babbar riga, bai ko kalli inda Badaruddeen yake ba.

"Sufeto, na zaci zuwa yanzu kun matse shi ya fito da kayan. Yaron nan a hannuna ya girma. Wallahi sai ya yi zaman gidan yari."

"Ranka ya daɗe, an ce akwai makunni a waje."

"Oho, wannan? Akwai. Ni kaɗai na san wurinsa."

"Idan an ɗauke wuta, wa ke kunnawa?"

"Ni mana."

"Nuna min."

Alhaji ya tattare hannun rigarsa ya sunkuya da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya lalubi ƙarƙashin teburin ta dama, ya shafa gaba, ya shafa baya, har hularsa ta kusa faɗuwa. Makunnin kuwa yana can ta hagu, yana ta haskensa shuɗi. Mutumin da ke kunna abu kullum ba ya nemansa haka, kuma Sufeto bai ga amfanin faɗa masa ba.

"Wani lokacin Najla ce ke taimaka min," Alhaji ya ce da ya miƙe, yana gyara hula.

A falon ciki suka sami Hajiya Muhibba, idanunta sun kumbura. Gefenta ƙanwarta ce, Hafsatu, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta. Ita ke riƙe da mukullin sito, ita ke sallamar baƙi, ba a motsa cokali a gidan ba da saninta ba. Dukansu biyu hannuwansu sun sha jan lalle.

Hajiya ta ce sarƙa ce babba da awarwaro da 'yan kunne, tsofaffin gwal na mahaifiyarsu, ta yi niyyar damƙa wa Najla ranar kai amarya.

"Ke fa, Hajiya Hafsatu, kina ina lokacin?"

"Ina tsakar gida wurin masu ƙunshi. Ni fa tun jiya nake gaya wa Yaya, a bi a hankali da yaron nan. Wuta aka ɗauke bayan azahar, shi ya sa hoton ya yanke."

"Kin tabbata?"

"Da idona na ga fanka ta tsaya."

"Kina shiga ɗakin karatun Alhaji?"

"Me zai kai ni? Ni da ko wayata sai an saita min."

Sufeto ya yi godiya ya zagaya kicin. Tani mai girki tana gaban tukunya, ba ta ma juyo sosai ba.

"Jiya bayan azahar an ɗauke wuta?"

"Wace wutar? Yallaɓai, tun hantsi nake kan bilenda, markaɗen tattasai na mutum ɗari. Da an ɗauke ai da kun ji ihuna daga unguwar Giginyu. Jiya kam masu wuta sun yi mana mutunci har dare."

Ya koma ɗakin karatun shi kaɗai, ya durƙusa, ya haska ƙarƙashin tebur da tocilar wayarsa. Makunnin fari ne, da zobe mai haske kewaye da shi. A cikin tsagin zoben akwai wani abu baƙi-baƙi da ya maƙale. Ya sa bakin biro ya ɓanɓaro shi a kan farar takarda, ya ga irinsa kaɗan a kan kafet daidai wurin. Ya murza ya shinshina. Busasshen lalle ne, irin wanda ke zubowa daga yatsa idan ƙunshi ya bushe ba a kai ga wankewa ba.

Ya kalli hannun Badaruddeen da aka shigo da shi. Babu komai sai shatin ankwa.

"Zauna ka buɗe min hoton jiya," ya ce, ya sa Kofur ya kwance shi.

Hoton tsakar gida ya nuna amarya zaune kan tabarma, hannu da ƙafa duk a miƙe, ƙawaye na ba ta ruwa a baki. Hoton ya yanke. Da ya dawo tana nan yadda take, ko filon da ta jingina da shi bai gusa ba.

Aka kira Najla. Ta shigo lulluɓe, tana taka ƙafa a hankali.

"Ke ke kunna wa Abbanki kwamfuta?"

"Ni ce."

"Wa kuma ya san wurin?"

"Babu kowa."

"Kin yi tafiya kwanan nan?"

"Watan jiya mun je Legas sayayya, ni da Mami."

Sufeto ya juya ga Badaruddeen. "Duba min satin nan. Ta mutu?"

Badaruddeen ya ɗan daddanna. "Ta mutu sau da yawa, yallaɓai. Kuma duk sanda ta mutu, ba a jimawa ake tayar da ita."

"To, amarya. Kina Legas, Hajiya na Legas, Alhaji bai san hagu da dama ba a teburinsa. Wa kika bar wa aikin?"

Najla ta dubi ƙofa, ta dubi lallen hannunta. Hawaye suka taru mata.

"Na manta," ta ce.

Bai matsa mata ba. Yarinyar tsoro take ji, kuma ba don kanta ba, wannan ya ishe shi. Amma zato ba ya buɗe durowa, ga kuma gida cike da mata masu lalle, kowace za ta iya cewa ba ita ba ce. Ya ja Badaruddeen gefe ya raɗa masa magana.

"Yallaɓai, ai babu wannan hoton."

"Na sani. Kai dai kunna abin da na ce."

Ya tara su duka a ɗakin karatun. Shi da kansa ya jera kujeru, ya zaunar da Alhaji da Hajiya a gaban allo, Najla a bayansu. Kujerar da ta rage tana jikin tebur ta hagu, ya miƙa wa Hafsatu da ladabi.

"Akwai abin da ɓarawon bai sani ba," ya ce. "Ita kwamfutar nan, da an kunna ta kyamarar barandar sama ke fara ɗauka, kafin sauran su farka. Wanda ya kashe ta ya dawo ya kunna, don kada a lura. To yana fita daga ɗakin nan ta kama shi. Yanzu za mu gan shi tare."

Allon ya nuna baranda babu kowa, labule na motsi. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fankar sama.

"Ga ƙofar nan za ta buɗe," in ji Sufeto. "Ku zuba ido."

Kowa ya zuba ido, ban da shi. Shi gefen mayafin Hafsatu yake kallo, inda hannunta na dama ya sulale ƙasa ba tare da ta sunkuya ba, ba tare da ta laluba ba.

Allon ya yi baƙi ƙirin.

"Kun gani ko?" Hafsatu ta ce da sauri. "Sun sake ɗaukewa."

Sufeto ya ɗaga yatsa ya nuna sama. Fanka na ta juyawa abinta, ƙwan fitila na ci.

"Hajiya Hafsatu, kada ki janye hannun. Kofur, haska."

Yatsanta na kan makunnin, jajir da lalle.

Hajiya Muhibba ta miƙe tsaye, ta koma ta zauna. "Hafsatu? Ke?"

"Babu kowa a hoton," in ji Sufeto. "Barandar shekaranjiya ce."

Hafsatu ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba kowa tsoro ke nan.

"Suna cikin buhun gero a sito," ta ce. "Ban sayar ba, ba kuma zan sayar ba. Yaya, gwal ɗin na Innarmu ne, ni da ke. Ranar da ta rasu kika ce ki ajiye mana. Na yi aure ban gan su ba, na yi takaba ban gan su ba. Sai ranar Lahadi na ji kina gaya wa baƙi za ki ba Najla, ina tsaye ina zuba musu lemo. Ko ki juyo ki ce, Hafsatu, kin yarda?"

"Shi ne za ki yi min sata?"

"Nawa na ɗauka. Abin da ya hana ni barci yaron nan ne. Wallahi ban zaci za a taɓa shi ba."

"Amma kin ga an taɓa shi," in ji Sufeto, "kika kwana a kan katifa."

Kofur ya dawo daga sito da ƙullin atamfa, gero na zuba daga jikinsa. Aka kwance a kan tebur, komai na nan.

Nan fa murya ta sauya. Alhaji ya yi gyaran murya ya matso kusa da Sufeto, har da dafa masa kafaɗa.

"To alhamdu lillahi, kaya sun fito. Sufeto, ka ga wannan maganar gida ce. Jibi ɗaurin aure, surukai na hanya. A bar ta a nan."

"Don Allah, Sufeto," in ji Hajiya. "Ƙanwata ce, ciki ɗaya."

Ran Sufeto ya ɓaci, bai kuma ɓoye ba.

"Ranka ya daɗe, ɗazu a ɗakin nan ka rantse sai an yi zaman gidan yari. Ƙara tana rubuce a ofis, da sunan wanda bai ɗauki komai ba. Ba za a goge sunansa ba sai an rubuta na wanda ya ɗauka. Ta zo ta ba da jawabi, sannan ku je wurin Difi'o, shugaban ofishinmu, ku yi maganar gidanku."

Hafsatu ta miƙe da kanta ta gyara mayafi. Kofur ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai.

Sai a lokacin Alhaji ya dubi Badaruddeen.

"Kai kuma ka yi haƙuri, kuskure ne. Bari direba ya kai ka gida ka huta."

"Ba daga gida aka ɗauko ni ba, Baba," in ji Badaruddeen. "Daga shago ne, a gaban maƙwabtana da masu kawo min gyara. Yau duk Titin Beirut an san na yi sata a gidan aminin babana. Idan za a mayar da ni, can za a mayar da ni. Ka zo mu je, ka faɗa musu da bakinka."

Alhaji ya buɗe baki, ya waiwaya wajen tagar da hayaniyar baƙi ke shigowa.

"Ka ga yau gidan a cike yake. Bayan biki, in sha Allahu."

Badaruddeen ya gyaɗa kai.

Aka fita da Hafsatu ta ƙofar baya, ta rufe fuskarta da mayafi, ta shiga bayan mota kusa da Kofur. Sufeto ya buɗe wa Badaruddeen gidan gaba.

"Titin Beirut za mu fara biyawa," ya ce wa direba. "Ka tsaya a tsakiyar layin, inda kowa zai gani. Ni zan faɗa musu."

Maigadi ya wangale get. Badaruddeen ya waiga sau ɗaya ta madubi, ko Alhaji zai fito. Babu kowa a bakin ƙofar sai masu shigo da kujerun haya.