Takardar Filin Taurarin Abzin

Da hantsin ranar Litinin aka kawo ƙarar sata komisariyar 'yan sandan Arlit. Sufeto Inuwa bai ko gama shayinsa ba.

Shekararsa uku a garin, wata shida kuma ke nan da ya rubuta yana neman a mayar da shi Damagaram, shiru kake ji. Tun da tawaye ya sake tashi a cikin duwatsu, aiki ya ninku, ma'aikata suka ragu.

Mai ƙarar dattijo ne dogo, da furfura a gemu, sanye da tsohuwar rigar wasa. Kowa a Arlit ya san shi: Baba Hamadi, wanda ya shekara goma sha tara yana horar da ƙungiyar ƙwallo ta Taurarin Abzin.

"Shef, sun fasa mana ɗaki," in ji shi. "Sun ɗauke takardar filinmu."

"Su wa?"

"Su wa kuwa? Mutanen batir."

Inuwa ya ajiye kofi. Rigimar ba baƙuwa ba ce a kunnensa. Wani sabon kamfani mai suna Hasken Hamada ya nemi izinin jera kwantena ashirin cike da manyan batura a kan filin wasan, ya riƙa tara wuta yana sayar wa sansanonin masu neman yuraniyom da suka cika daji. Mutanen unguwa suka ce ba su yarda ba. Suna tsoron gobara, masu lambu kuma suna tsoron ruwan batir ya tsiyaya cikin rijiyoyinsu. Ranar Alhamis kwamitin ba da izini zai zauna, kuma ya ce ƙungiya ta zo da takardarta ta asali. A duk garin ba wanda ya kai Hamadi ɗaga murya a kan kada a taɓa filin.

Ɗakin ƙungiyar ɗaya ne tak, na bulo, a gefen fili. An ɓalle marfin akwatin ƙarfe, ga ambulan a yage a ƙasa.

"Ta taga suka shigo," Hamadi ya nuna.

An lanƙwasa ƙarfe biyu na tagar. Inuwa ya cire hularsa ya gwada, kansa ma bai wuce ba. Ya shafa ƙarafan. Waje suka lanƙwashe, alamar daga ciki aka tura su. Ƙofa kuwa ko ƙwarzane babu.

Ya tsuguna gaban akwatin. Akwai jika goma sha ɗaya ɗaure da roba. Ƙarƙashinsu ga takardar koken unguwa, da dangwalen yatsa sama da ɗari huɗu.

"Ɓarawon nan mai kirki ne," Inuwa ya ce. "Ya bar kuɗi, ya bar koken da ya fi damun kamfani. Wa ke da mabuɗin ƙofar nan?"

"Ni, da Alhaji Zayyadu shugabanmu, da Madam Mina ma'aji."

"Ina kake jiya?"

"Gida, Shef. Ƙafata ta hana ni fita."

Alhaji Zayyadu Bakatsine ne, yana da shagon kayan gyaran manyan motoci kusa da tasha. Da Inuwa ya same shi a shagon, bai jira an gama tambaya ba.

"Ni ina son a sayar da filin, ban taɓa ɓoyewa ba. Wata bakwai yaran nan ba su ga ko dala ba. Wanda ke ba mu riguna da mota ya janye. In muna da wasa a Agadas, sai mu kwana uku muna jiran rakiyar soja, mu cinye guzuri, mu isa an riga an ba abokan karawa maki. Kamfanin nan ya ce miliyan goma sha huɗu da wani fili a bayan gari. Da wannan takarda za a yi cinikin. In sace ta in cuci wa? Kaina?"

"Yaushe ka gan ta na ƙarshe?"

"Ya yi shekara. Ambulan dai nake gani a liƙe."

Inuwa ya buɗe ɗan littafinsa. "Ka ce wata bakwai. Wato tun Fabrairu, lokacin da ka biya su albashin wata biyu daga aljihunka. Na ji godiyar da aka yi maka a rediyo."

"Ai taimako ne, don Allah aka yi."

"Nawa ka bayar?"

Alhaji ya gyara hula. "To, kamar jika ɗari uku. Ko huɗu."

"Mutumin da ke ƙirga kusoshi ɗaya-ɗaya bai san abin da ya fitar ba? Daga nan wajen ma'aji zan je in duba littafi, Alhaji."

Alhaji ya leƙa waje, ya rage murya. "Ba ni ba ne. Ji na yi ana cewa ni ne, ban ƙaryata ba. Wannan kaɗai ne laifina, wallahi."

Bayan azahar Inuwa ya iske Madam Mina a lambun mahaifiyarta, wanda ya yi iyaka da filin wasan. Malamar makaranta ce, ita ta bi gida-gida tana tara dangwalen koke. Tana ban ruwan albasa ya yi sallama.

"Dubi rijiyar nan, Shef," ta ce. "Taku arba'in tsakaninta da inda za su jera abin nasu. Da ita muka yi karatu mu shida."

"Yaushe kika ga takardar filin?"

"Makon jiya, da idona."

"Kin buɗe ambulan ɗin?"

Ruwa ya malala a kan ƙafarta. "Ban buɗe ba. Na faɗi haka ne don kada kwamiti ya ce dama ba mu da ita. Baba Hamadi ne ya liƙe shi, ya ce yawan taɓawa zai yage ta."

"Za ki gane ta?"

"Ko a mafarki. Babana na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Garwashin shayinsa ya ƙone kusurwarta ta ƙasa, har ya ci rabin hatimi."

Ya nemi littafin kuɗi, ta aika aka ɗauko daga gida. A shafin Fabrairu an rubuta: jika ɗari tara, daga mai fatan alheri.

"Wa ya kawo?"

"Baba Hamadi. Ya ce mai bayarwar ba ya son a faɗi sunansa. Muka ɗauka Alhaji ne."

"Ina suka tafi?"

"Ɗari huɗu albashi. Ɗari biyar na Ghissa, mai tsaron ragarmu. Motar da ya shiga zuwa ganin iyayensa ta taka nakiya. Likita ya ce in ba a kai shi Yamai cikin kwana biyu ba, ba ƙafa kaɗai zai rasa ba. Ranar babu ko jika ashirin a akwati."

Inuwa ya rufe littafin. Ya miƙa mata shi.

Washegari da safe ya je ofishin magajin gari ya nemi takardun da Hasken Hamada ya shigar. Hatimin karɓa ya nuna watan Afrilu. Ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, zane-zane da lissafin wuta da bai fahimta ba. A shafi na talatin da ɗaya ya tsaya. Hoton takardar fili ne, kusurwar ƙasa baƙa ƙirin, hatimi saura rabi.

Wakilin kamfanin, Fatahu, matashi ne mai tsabtar riga, ofishinsa da sanyi kamar ba Arlit ba. Ya tarbi Inuwa da lemon kwalba.

"Na ji abin da ya faru, Shef. Abin takaici. Mu ba mu taɓa ko ganin takardar nan ba."

Inuwa ya ɗora shafin a kan tebur. "An ce shekaranjiya aka sace ta. Yaya aka yi hotonta ya shiga takardunku tun Afrilu?"

"Ƙila Alhaji ne ya ba sakatarenmu."

"Alhaji ya shekara bai gan ta ba. Ko dai ka buɗe min durowar nan, ko in rubuta cewa kayan sata na hannunka, kwamiti ya karanta ranar Alhamis."

Fatahu ya ture kwalbar gefe. Sannan ya ciro mabuɗi.

Takardar na ciki, an maƙala mata wata ƙarama. Yarjejeniyar jingina ce da wani ɗan kasuwa mai ba da rance: jika ɗari tara, a biya miliyan ɗaya da jika ɗari biyu cikin wata shida, in ba haka ba fili ya zama na mai takarda. Ga hatimin ƙungiya, ga sa hannu.

"Ba mu saci komai ba," in ji Fatahu. "Bashin muka saya daga hannun mutumin. Wa'adi ya cika watan jiya."

"To me ya sa kuke wa Alhaji tayin miliyan goma sha huɗu?"

"Manyana sun fi son a rabu lafiya. In an ƙi, mu fito da wannan."

"Wanda ya sa hannun ya san tana wajenku?"

"Ranar Juma'a na gaya masa. Na ce ya rage surutu."

Inuwa ya ninke takardun biyu ya sa a jaka, ya rubuta masa shaidar karɓa. "Alƙali zai gaya muku ko mai horarwa na da ikon jinginar da filin jama'a. Kada ka bar gari."

Da la'asar ya koma filin, ya aika aka kira Madam Mina da Alhaji. 'Yan wasa tara ne kawai suka fito atisaye, biyu ba takalmi. Sauran, an ce, wasu sun tafi neman aiki a sansanonin haƙa, wasu sun bi hanyar Assamakka don ƙetare iyaka, ɗaya kuma ba mai son faɗin inda ya nufa.

Hamadi na ganin jakar ya bar bakin layi ya zo. Suka shiga ɗakin su huɗu.

Inuwa ya shimfiɗa takardun a kan akwatin. "Sa hannun wa ke nan, Baba?"

Hamadi bai sunkuya ya duba ba. Ya zauna kan benci, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo.

"Nawa ne."

Madam Mina ta dafa bango.

"Ghissa na kwance yana ruɓewa," Hamadi ya ce. "Tun yana shekara goma yake hannuna. Na je wajen mutum bakwai, har da kai Alhaji, kowa ya ce hanya a rufe, kasuwa ta mutu. Na takwas ya ce in kawo abin riƙo. Na ɗauko takardar, na cusa tsohuwar jarida a ambulan na liƙe. Na ce in muka haye zagaye na biyu na gasa, kuɗin ƙofa zai fanshe ta. Ba mu haye ba. Wasa uku aka ci mu muna zaune a tasha."

"Tagar fa?"

"Da ƙarfen taya, jiya bayan asuba. Kwamiti ya ce a zo da takarda. Da me zan zo? Na ce in aka ce sun sace, ko sun fito da ita ba mai yarda da su." Ya yi ɗan murmushi mara daɗi. "Ban iya sata ba, Shef. Na ɗauki koken nan don abin ya yi kama da gaske, na ga yatsun mutane, na mayar."

Alhaji ya buɗe baki. Inuwa ya ɗaga masa hannu, ya rufe.

"Duk ihun da kake yi a taro fa?" Madam Mina ta tambaya. "Kana tsaye gabanmu kana cewa sai dai su bi ta kan gawarka, alhali ka san filin ya riga ya fita?"

"Ihun gaskiya ne, 'yata. Ban da abin da ya rage min sai shi."

Inuwa ya karanta masa laifukansa: cin amana, da kawo ƙarar ƙarya. Ya ce takardar za ta zauna hannun shari'a, zai kuma rubuta wa kwamiti cewa filin na cikin rigima. Ƙila su ɗage zama, ƙila su ƙi. Bai yi wa kowa alkawari ba.

Bai ciro ankwa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa har dattijon ya miƙe. A waje 'yan wasan sun bar ƙwallo, sun yi cirko-cirko suna kallo.

"Wa ya ce ku tsaya?" Hamadi ya daka musu tsawa. "Zagaye biyar!"

Suka fara gudu a hankali, suna waiwaye.

Madam Mina ta biyo su har bakin hanya. "Baba, da ka gaya mana tun ranar, kafin ka jinginar da takardar. Da mun sayar da awakinmu, da tabarmin kwanciyarmu. Wallahi da mun haɗa kuɗin."

"Na sani," in ji Hamadi. "Shi ya sa ban faɗa ba."

Inuwa ya buɗe masa ƙofar mota, ya riƙe hannunsa har ya ɗaga ƙafar mai ciwo ya shiga.