Burauzar da Ba Ta Tsegumi

Wani dare mutanen gidan haya suka ji wata murya daga ɗakin ’yar mai gyaran agogo. Ba ta namiji ba ce, ba ta mace ba, kuma ba ta tsayawa jan numfashi. Mai kitso da ke ɗakin kusa ta rantse aljani ne. Ashe waya ce ke karanta wa yarinyar rubutu, don idanunta sun fara kasa kama ƙananan haruffa.

Washegari yarinyar ta je shagon wani saurayi mai gyaran waya.

"Burauza nake so, abin shiga intanet ɗin nan. Ta kyauta, wadda ba ta tsegumi."

Ya ɗago zai yi dariya, da suka haɗa ido sai dariyar ta maƙale.

"Wacce ta yi miki tsegumi?"

"Tawa. Abu ɗaya na tambaye ta, yanzu duk shafin da na buɗe tallarsa na bina. Kuma Baba yana aron wayata."

Ya nuna mata uku. Ɗaya mai sauri ce amma ba ta riƙe sirri. Ɗaya tana toshe masu bin sawu. Ta ukun tana toshe su, kuma da an rufe ta sai ta manta komai.

"Sa mini mai mantuwar."

Ya sa mata, bai tambaye ta me take ɓoyewa ba. Wannan shirun ne ya sace zuciyarta.

Ta sa masa suna Injiniya, shi kuma yana ce mata ’Yar Agogo. Saƙonsa kan zo da yamma: "’Yar Agogo, yau na gyara waya tara, amma zuciyata ta ƙi ɗaukar caji sai na ji ki." Muryar ƙarfen nan ce ke karanta mata, ba daɗi ba taushi, mai kitso na jin komai ta bango.

Ita kuma ta amsa: "Injiniyan da ya kasa gyara kansa. Ka zo gobe."

Sannu a hankali ya lura. Takan miƙa hannu gefen kofi, takan taɓa bango kafin ta taka matakala. Da ya tambaya, ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Likita ya ce ganina zai tafi, ba magani. Baba bai sani ba. Tun rasuwar Mama ni ce idonsa a shago. Ka riƙe mini."

"Na riƙe."

Amma da ya koma gida hankalinsa a tashe, wayarsa ba caji, sai ya buɗe kwamfutar mahaifiyarsa ya yi ta neman magani. Shi da ke koya wa mutane ɓoye sawu, ya manta wace burauza ce a kai.

Kwana biyu tallar farar sanda da asibitin ido suka cika wa uwar allo. Ta tsare shi.

"Wa ke makancewa?"

Ya kawar da kai, ta gane budurwarsa ce.

"Ba ƙin ta nake ba. Amma kai kaɗai gare ni. Ga ’yar ƙawata nan, lafiyarta ƙalau."

Uwar ta faɗa wa ƙawar, ƙawar ta zo kitso, magana ta zaga gidan haya.

Saƙon ’Yar Agogo ya zo: "Na roƙi na’ura ta rufa mini asiri, ta rufa. Kai na roƙa, ka kasa. Kada ka zo."

Sati uku bai zo ba. Ran nan dai ya kasa daurewa, ya shiga shagon agogo ya durƙusa gaban tsohon, ita tana tsaye bayan kantar shagon. Ya faɗi yadda aka yi, bai rage komai ba.

Tsohon ya cire gilashin da ke manne a idonsa.

"Wane asiri? Shekara guda ke nan tana miƙo mini sukudireban da ban nema ba. ’Yata, wa kike zaton ke janye kujeru daga hanyarki kullum da safe?"

Ta dafa kantar, hawaye na zuba.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na ga kina wahalar ɓoye mini. Ban so wahalarki ta tafi a banza."

Uwar saurayin ba ta sauko da wuri ba. Sai da ta ga ɗanta na koyon jera kayan ɗaki ido a rufe, yana buga gwiwa da tebur yana sake gwadawa. Ta kalle shi, ta kalle shi, sannan ta ce ya kawo mata yarinyar.

Ranar auren amarya ta ja shi bakin taga, inda haske ya fi ƙarfi.

"Tsaya nan, Injiniya. Kada ka motsa. Fuskarka nake ajiyewa."

"Ba a mai mantuwa ba dai?"

"A’a. Wannan ba ta gogewa."

Iyaye suka sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya, ya sa su zame wa juna ido da sanda. Tun daga ranar ba a sake jin muryar ƙarfen ba, shi ke karanta mata komai, har takardar magani.

Da ake kwashe kujeru, mai kitso ta matso kusa da tsohon, ta yi ƙasa da murya.

"Wai ta dai ga fuskar tasa kuwa?"

Tsohon ya ciro agogon aljihunsa, ya shiga murɗa shi yana ba shi wani.