Jirgin Da Na Goge

"Ka daina zuwa gidanmu, Dogo! Na gaji..."

"Ke kika gaji, ko Baba ne ya gaji?"

Na sunkuyar da kai. Ina zaune a matakalar tashar jiragen ruwa, takarda a cinyata, ina ƙarasa zanen garinmu da fensir: rumfunan masu kifi, tsohon sito, ruwa kwance luf. Jirginsa na haya na zana shi har da karkatacciyar rumfarsa.

"Sanyin idona, ɗago ki dube ni mana."

Na ƙi. Tun ranar da kogin nan ya ci Yayana, Baba ya kife kwale-kwalensa a bayan gida, ya kafe cewa ba zai ba mai aikin ruwa 'yarsa ba. Ni kaɗai na rage masa. Da wane bakin zan yi masa musu?

Dogo ya kwance igiya, ya ta da inji, ya tafi da fasinjojinsa. Ni kuwa sarauniyar zuciya, na ɗauki magogi na goge jirginsa tas daga zanen.

Ko gida ban kai ba hadari ya haɗu. Iska ta taso kamar za ta ɗauke rufin kwano. Da ta lafa na koma tasha, jirage suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya. Nasa shiru.

Wani mai kamun kifi ya ce ya hango shi ya sauke mutane a tsallake, ya juyo shi kaɗai, injin ya mutu a tsakiyar ruwa.

Na buɗe takardar, na ga farin gurbin da na goge jirginsa. Na ruga gida ina ihu.

"Baba, ni na goge shi! Da hannuna na goge shi!"

"Auta, nutsu! Wa kika goge?"

Na miƙa masa zanen. Ya daɗe yana kallon gurbin. Sai ya zagaya bayan gida ya birkice kwale-kwalen.

"Malam, kar ka yi mana haka!" Inna ta riƙe rigarsa. "Ɗaya bai isa ba?"

"Wancan ban samu na je ba," ya ce. "Wannan zan je."

Maƙwabta suka kama masa zuwa gaɓa. Muka tsaya ni da Inna riƙe da juna, ruwan ya yi jawur yana ta ambaliya. Tsoro irin na ranar ban taɓa ji ba. Ɗazu ina fargabar rasa ɗaya, yanzu ga su duka biyun a bakin kogi ɗaya, kuma ni ce sila. Addu'ar ma ta ƙi fita daidai, sai "Ya Allah... Ya Allah..."

Can Inna ta matse hannuna, ta nuna mini tsakiyar kogi.

Kwale-kwale ne, da mutum biyu. Dogo ke tuƙi, goshinsa na jini. Baba na zaune yana kwarfe ruwa, yana yi masa faɗa tun daga nesa.

"Haka ake riƙe filafili? Inji duk ya lalata ku!"

Na durƙushe a cikin laka ina kuka. Dogo ya kasa haɗa ido da ni, shi ma hawaye yake.

Baba ya zaro zanen daga aljihunsa, ya jiƙe sharkaf. Ya miƙo mini.

"Wannan ya lalace, sai ki sake wani. Ki mayar wa yaron nan jirginsa." Ya share fuska da hularsa. "Ki sa nawa kusa da shi. Ba zan bar mijinki ya shiga ruwa babu mai sa masa ido ba."